Karan da Innarka Ta Yanko

Gummi, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Anaruwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Abuja lafiya, kayanka ba su salwanta ba, direban kuma bai firgita ka ba, ko da yake ban ga direban da zai firgita ɗan da na haifa ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garejin da ka samu aiki, Ya sanya albarka a cikin sufanarka.

A ƙasan jakarka na cusa ta don sai ka isa ka gani. Ka san halinmu, ɗan fari ne kai, in muna zaune ido da ido ba na iya yi maka doguwar magana, sai dai in yi ta gyaran murya. Tare da takardar za ka ga guntun karan dawa naɗe cikin tsumma. Kar ka jefar, kar kuma ka bari wani ya hura gawayi da shi. Zan zo kansa, amma ka sani tun yanzu, saboda matarka Rabi da cikin da ke jikinta aka sa maka shi.

Kai, yaron nan, ka tayar mini da tsohon tsumi. Tun ranar da ka nuna mini bidiyon nan a wayarka ban koma daidai ba. Fili guda an kewaye, an jera 'yan robobi masu tsini, mota ɗaya-ɗaya take shiga tana ratsa su, ba akuya, ba jaki, ba mai tallar nono, agogo ne kaɗai alƙali. Wani filin kuma kwalta ce shimfiɗe an yi ta musamman don gudu, ta zagaya ta dawo inda ta taso. Ashe akwai ranar da mutum zai sha kwana iya son ransa, maimakon zagi a tafa masa! Na kalla har wayar ta mutu, kana gani. Abin da ba ka gani ba, bayan ka fita na zauna a kan turmi ina murza sitiyarin iska, ƙafata tana neman kuloci, Innarka ta fito daga madafa ta tsaya tana kallona ta ce, "To, Allah Shi kyauta, sun zama biyu." Ba ta yi ƙarya ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ba don kyan fuskata tashar Gummi ta laƙaba mini Garba Sha-Kwana ba.

Don haka ban hana ka ba, ba kuma zan hana ka ba. Ka ce maigidanka na gareji zai tsaya maka ka ɗauki ɗaya cikin motoci biyu, ka riƙa shiga wasan ranar Asabar, sauran ranaku ka hau abarka. Na ga hotunansu. Ja, mai silinda shida, an kwashe kujerun baya, an sauke ta har kamar za ta lashi ƙasa, ba lamba. Shuɗiya, ƙaramin inji, giyar hannu, tayoyin baya ke tura ta, kujerunta cif, da lambarta. Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata tana kan jar. Da ni ne a shekarunka da tuni na biya ko ciniki ban yi ba, kuma shi ya sa nake rubuta maka, don na san inda irin wannan zuciyar take kai mutum.

Motata ta farko da kunne na saye ta. A Sakkwato ne, mai ita ya taka totur, ta yi wani ruri har tantabarun unguwar suka tashi. Na ce shi ke nan, wannan ita ce. Ban buɗe inji ba, ban leƙa ƙasa ba, ban ko ja ta na zagaya ba, don kar a ce ɗan Gummi bai san mota ba. Ashe salansa ce ta huje. A hanyar dawowa, wurin wata 'yar hawa da ko tsohuwa ba za ta yi haki ba, mai keke ya wuce ni yana yi mini sannu. Ban iso gida ba sai da lagireto ya tafasa har na gaji da roƙon ruwa a ƙauyuka.

To ka toshe kunnenka ka buɗe idonka. Ka nemi a ba ka kowacce ka ja a filin, ba sau ɗaya ba, sai injin ya yi zafi sosai, don mota ba ta nuna halinta da sanyin safiya. Ka ji yadda giya ke shiga, ka ji ko kuloci na zamewa, ka sa ido kan allurar zafi. In ka tsaya ka duba ƙasa ko baƙin mai na ɗiga. Kuma na lura a bidiyon nan, ba mai babban inji ba ce ta ci. Wata 'yar figigiya ce ta riƙa silalewa tsakanin robobin, babbar kuwa tana ta ruri tana kwashe su da gindi. A wuri mai yawan kwana nauyi shi ne abokin gaba, na san wannan tun ina ɗaukar buhunan gero.

Bayan na rabu da waccan na samu Balbela. Ba ka san ta ba sai a hoton nan na ɗaki, farar Bafaransa da na yi lodin Gummi zuwa Anka zuwa Gusau da ita. Wannan kam mota ce, Allah Ya jiƙan ƙarfenta. Duk abin da na samu a inji nake zubawa, fulogi sabo, kafireto kullum a wanke, amma taya sai wadda ta samu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, biyu sun suɗe kamar tafin hannu. Birki kuwa cewa nake gwani ba ya bukatarsa. Wata ranar kasuwar Anka muka taso tare da abokina Shehu Dogo, shi ma direba, ya leƙo ta taga ya ce wanda ya riga isa shi ne namiji. Da fasinja cike na biye masa. Mun zo wata kwana da na sani kamar hanyar bakina, na taka birki ya tafi har ƙasa ba amsa, na murza sitiyari tayoyin suka ce ba da su ba. Ban ankara ba sai ga mu tsakiyar gonar mutane, gero na dukan gilashi. Allah Ya taƙaita, ba wanda ya ko ƙwarzane. Amma wata dattijuwa da ƙwaryar nononta ta kife mata a cinya ta zaro ludayi ta yi ta ƙwala mini a ƙeya tana cewa, "Mu za ka kashewa don Shehu?"

Saboda haka kafin ka ƙara wa inji ko ƙwayar ƙarfi, ka fara da birki da taya. Tayoyi huɗu su zama iri ɗaya, sababbi, kar ka yarda da 'yan gwanjo ko da sun yi ƙyalli. Man birki ka sauya shi, don gudun fili yana dafa shi. Hular kwano ka sayi ta gaske, ba irin ta 'yan acaɓa da rana ke fasawa ba, bel kuma ka ɗaura ko robobi kawai za ka zagaya. Sannan ka riƙe wannan da kyau, gudunka ya ƙare a ƙofar filin. Ku kun samu abin da mu ba mu samu ba, an ware muku wuri, to ba ku da hujja. Titi na mata ne da yara 'yan makaranta da garken Fulani da babura masu buhunan dutsen zinariya daga Dareta. Duk wanda ya leƙo ta taga a kan hanya ya ce maka wa zai riga wani, ka ce masa ku haɗu ranar Asabar. In ya kira ka matsoraci ka ce ɗan Garba Sha-Kwana ne kai, gidanku an gama wannan karatun.

Batun takardu ba zan ja shi ba. Na taɓa barin nawa suka mutu ina taƙamar kowa ya san ni a hanyar nan, ran nan aka kawo sababbin ma'aikata shinge, na wuni gindin bedi da 'yan ɗaurin aure a mota har aka shafa fatiha ba mu. Jar nan ba lamba, ka ce kuma takardun kwastan ɗinta "ana kan nema". Na san wannan maganar, tun ina saurayi ake kan nemansu. Motar da ba ta da fitilu da sigina da lamba da takarda, ko ta fi walƙiya sauri, ba za ta kawo ka Gummi ba, shingayen da ke tsakani sun fi ƙarfinta. Kuma ranar da kake sauri ita ce ranar da za a ce ka faka gefe.

Yanzu na zo kan karan.

Kowa ya gaya maka a hanya aka haife ka, ana ruwa, shi ya sa ake kiranka Anaruwa. An ce maka ruwa ne ya tare hanya mota ta kasa isa. Ruwa bai tare kowa ba. Ni na tare hanyar da hannuna, da zarton ƙarfe.

Bayan abin da ya faru a gonar gero, maimakon in yi hankali sai na ce ai tsayin mota ne ya sa ta kwanta a kwana. Na samu wani bakanike muka yanke sifirin ɗin Balbela ƙafa huɗu, ta sauko ƙasa. Wallahi ta yi kyau. Kwana kuwa sai ka ce an manna ta da kwalta, Shehu Dogo bai sake ganin komai ba sai hayaƙina. Na shigo da ita ƙofar gida ina jiran yabo, Innarka ta fito da tsohon ciki, ta zagaya ta, ta ce, "Malam, mi kay yi ma motar ga? Wagga ba ta zuwa garinmu." Na yi dariya na ce mata mace da sanin mota. A cikin makon ne aka zo aka tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta, can bayan Nasarawar Burkullu, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari.

Ka san hanyar, ita ce dai har gobe. In ka sauka daga kwalta, amalanke da manyan motoci sun haƙa rami biyu inda taya ke bi, tsakiya kuma ya tashi tudu kamar kunyar dankali. Wata safiya da damina ina tasha ina lodi, sai ga ƙanen Innarka a kan keke, jiƙe sharkaf, ya ce naƙuda ta yi tsanani tun jiya, ungozoma ta ce a kai asibiti. Na sauke fasinja, na jefa kekensa a but, muka kama hanya. A kwalta ban taɓa gudu irin na ran nan ba, har ina jin daɗin kaina, ina cewa yau za su ga amfanin abin da na yi. Muna sauka burji ta fara gurzar ƙasa. Na daure, na yi ta dabara, taya ɗaya kan tudu ɗaya a gefe. Da muka zo wurin tsamiyar nan da hanya ta matse tsakanin gonaki biyu, ba gefen da za a bi, sai tayoyin suka faɗa ramin, cikinta ya hau tudun ya zauna. Na ba ta wuta, tayoyin baya na ta juyawa suna watsa taɓo, ko motsi. Na leƙa ƙasa na ga baƙin mai yana bin ruwa, tukunyarsa ta fashe. Ga rufin garin ina hangowa.

Da ƙafa na ƙarasa, a guje, takalmi a hannu. Na tarar har sun gaji da jirana, wani maƙwabcinsu Bafulatani mai suna Buba ya ɗaura shanunsa a amalanke, an shimfiɗa katifa an kwantar da ita, kakarka na riƙe da kanta, an rufa musu tabarma saboda yayyafi. Muka juyo. Da muka iso tsamiya sai ga Balbela ta toshe hanya, amalanken ma ba inda zai wuce, sai da aka karya shingen gonar wani aka ratsa cikin dawa. Na tsaya ina kallon motar kamar wanda aka dasa. Buba ya ce, "Direba, bar ta nan, ba mai satar motar da ba ta tahiya. Kama wutsiyar amalanke ka tura." Na kama na tura. Ba mu kai kwalta ba matan da ke rakiya suka ce mu maza mu ja baya, can na ji kukanka. Innarka kuwa ta zubar da jini mai yawa, a bayan wata motar itace muka ƙarasa da ita asibiti, kuma sai da muka fid da rai kafin Allah Ya dawo mana da ita.

Mutane suka ɗora wa ruwa laifi, ni kuma na yi shiru na bar wa ruwa. Ita da ta san gaskiya ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa, kuma ka san Innarka ba ta rasa abin faɗa. Na mayar wa Balbela sifirinta, na ci gaba da lodi, amma ban sake amsa gayyar kowa a kan hanya ba.

Ga shi yanzu Rabi ɗiyar kawunka ce, wannan da ya zo mini a keke. Watan gobe za a zo a tafi da ita goyon ciki, gida ɗaya, hanya ɗaya, tsamiyar ma tana nan. Za ka ce akwai waya yanzu, akwai babura. Haka ne, amma mai naƙuda ba ta hawa babur, kuma yadda dajin nan ya lalace, ka ji abin da ake yi wajen Zugu, ba kowane direba ne zai yarda ya sauka kwalta don matar wani ba. Ni ido ya hana ni tuƙi. In ranar ta zo za mu nemi ta haya, amma kai ma ka ce za ka ɗauki hutu ka zo ka zauna kusa, to ka zo da motar da za ta isa ƙofar gidan.

Ga yadda za ka yi. Ka faka motar a daɓen da yake bai ɗaya, ka sa mutum uku su shiga su zauna, don mota da mutane ba tsayinta ɗaya da wadda ba kowa ba. Ka kwanta ka tsayar da karan a ƙarƙashin wurin da ya fi kusa da ƙasa, tukunyar mai ko salansa. In ya tsaya bai taɓa ba, to a yi maganar ciniki. In bai tsaya ba ka miƙe ka kaɗe rigarka. Ka duba kuma kujerar baya, mace za ta iya kwanciya wata ta riƙe mata kai? Ja ce ko shuɗiya ko wata ta ukun da ban gani ba, ni ban zaɓa maka ba, karan zai zaɓa.

Ka ce mini yanzu akwai wani sifirin da ake ɗagawa a sauke da sufana. Kai, duniya ta ci gaba. Da akwai shi a zamanina da ban taɓa zarto ba. In ka samu ka sa, ka sauke ta ranar Asabar ka sha kwanarka har ka more, ka sha tawa ma. Amma kafin ka wanke hannu da yamma ka mayar da ita tsayinta, ka gwada da karan, sannan ka tafi gida. Kar ka ce sai gobe, naƙuda ba ta aiko da goron gayyata. In za ka taho kuma ka yi sammako, la'asar ta same ka cikin gari.

Ina da roƙo ɗaya, kar ka gaya wa Innarka. Bayan suna, in komai ya lafa, ka zo ka ɗauke ni zuwa filin nan. Ba tuƙi zan yi ba, a samo mini hular kwano daidai kaina in zauna gefenka, ka ratsa robobin nan da ni sau ɗaya. Na yi alkawarin ba zan ce maka komai ba, sai dai in ka makara wurin sauya giya.

Karan ba ni na yanko ba. Shekaranjiya Innarka ta ce za ta je gaida ƙanenta, ta hau acaɓa ta tafi. Ashe tsamiya ta sa aka tsaya da ita. Ta gicciya dogon kara a kan tudun, ta auna daga gare shi zuwa ƙasan ramin, ta ƙara faɗin yatsu biyu, ta yanke. Ta dawo ta same ni a zaure ta ajiye shi a gabana. Na ɗauka ina juyawa, na gane ko mene ne, na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ka ba shi. Ka ce mashi ya yi gudunai, ban hana ba, jininku ne. Amma in wanga bai tsaya ba kar ya saya. Ni an ɗauko ni bisa amalanke Allah Ya yi da sauran kwanana, ban son a gwada na Rabi." Wannan ne karo na farko da ta ambaci ranar a gabana. Ta juya za ta shiga gida, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a, ta kira ka da sunanka na yanka, wanda tun ranar da liman ya raɗa maka shi ban taɓa ji a bakinta ba.

Ka ajiye karan a motar, inda hannunka zai kai.

Allah Ya kiyaye ka a fili da titi, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da na masu tare ta. Allah Ya sauki Rabi lafiya, Ya sa ka iso a kan lokaci. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka, Shehu Dogo ma ya ce a gaishe ka, wai yana jiran ganin motar. Ka gaida maigidanka da kyau.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Sha-Kwana